Rumfar Nata'ala a Filin Aro

Shekara ashirin da shida Nata'ala ya yi yana shayar da furannin manyan mutane a unguwar Nasarawa, cikin Kano. Gida uku ya yi wa aiki, ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu babu inda aka taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu. Abin da aka sani a kansa shi ne duk abin da ya soka a ƙasa sai ya rayu. Wata hajiya ta taɓa faɗa a gaban baƙi cewa ko muciya ya dasa sai ta yi ganye. Baƙin suka yi dariya, shi ma ya yi, domin yin dariyar yana cikin aikinsa.

Da gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, maigidansa na ƙarshe ya sallame shi cikin mutunci, ya haɗa masa da keke da almakashin aske fulawa. Ya ɗauki matarsa Bara'atu suka koma Rijiyar Kanya, ƙauyensu da ke gabas da Tsanyawa. A can babu sauran daji. Gona tana ƙarewa wata ke farawa, tsakaninsu layin gamba ne kawai wanda bai fi tafin hannu ba. Gonar mahaifinsa kuwa an raba ta tsakanin magada tara. Rabonsa, in ya tsaya a tsakiya ya yi atishawa, maƙwabta biyu ne za su amsa masa.

A bayan gidansa akwai wani fili mai tsohuwar rijiya, mallakar Alhaji Dallatu, dattijon da ya tsufa a fataucin shanu. Nata'ala ya nemi aronsa don ya yi lambu. Aka zauna a gaban mai unguwa Nababa, Alhaji Dallatu ya faɗi sharaɗinsa da bakinsa.

"Ka shuka abin da za ka cire a shekararsa. Ban da gini, ban da itace. Ko zogale ban yarda ba."

Babu wanda ya ga tsanani a wannan magana. A wannan yanki ba a dasa itace a filin aro, domin itace yana daɗewa fiye da shaidu. Mai aro zai mutu, mai fili zai mutu, mai unguwa ma zai bi su, sai wata rana jika ya tashi ya dafa gindin bishiya ya ce kakansa ne ya dasa, don haka ƙasar tasu ce. Alhaji Dallatu ba labari ya ji ba. Mahaifinsa ya taɓa ba wani aron gona, mutumin ya dasa mangwaro biyu don yara, bayan shekara arba'in mangwaron suka ba da shaida a gaban alƙali, gonar ta tafi. Tun daga ranar Alhaji bai ƙara shan mangwaro ba.

Shekara uku Nata'ala yana noma filin. Tumatir, albasa, alayyahu, da latas wanda mutanen ƙauyen suka fara ɗauka abincin zomo ne kafin su saba. Ranar kasuwa yakan ɗora kwanduna a keke ya kai Tsanyawa. Daga wannan lambu ake cin abinci a gidansa, babu wani waje.

A shekara ta huɗu, bayan an gama kaka, wani abu ya shiga ransa. A gida na biyu da ya yi wa aiki akwai wata rumfar ƙarfe mai gicce-gicce, wadda furanni ke hawa su lulluɓe. Shekara goma sha ɗaya yana yi mata farin fenti, yana aske ta, bai taɓa zama a ƙarƙashinta ba. Yanzu yana so ya yi tasa, daidai inda ƙofar bayan gidansa ke fita lambu.

"Rumfar me?" in ji Bara'atu.

"Ta ado."

"Za ta tare rana?"

"In ganye ya rufe ta."

"Ruwa fa?"

"Ba don ruwa ake yin ta ba."

"To, Malam, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na san rumfa, na san darni. Wannan ɗan da suka haifa ne ban sani ba."

Rumfar kara ba gini ba ce, wannan kowa ya yarda. Abin da ya rage dirkoki ne. A makon ne aka sassabe rassan babbar ceɗiyar bakin hanya saboda motocin dawa suna karo da su. Nata'ala ya zaɓi huɗu miƙaƙƙu, kowanne kaurinsa ya kai ƙwauri. Ya san halin ceɗiya sarai, ya san reshenta ake kafawa ta zama bishiya. Don haka ya jingine su a bango mako uku a rana, har ɓawonsu ya yamutse. Ya ƙwanƙwasa, ya ji amon busasshen abu. Ya haƙa rami huɗu ya kafa.

Da manomin ƙauyen ne, da nan maganar ta ƙare. Mutumin Rijiyar Kanya in ya kafa dirka da rani, ya gama da ita ke nan, ba mai ba ta ruwa, ta ƙarasa mutuwarta a tsaye. Amma Nata'ala a gindin kowace dirka ya shuka irin soso, da irin wata fulawa mai shuɗin fure da ya taho da shi daga birni a cikin kwalin ashana. Ya zuba taki. Kuma hannun da ya shekara ashirin da shida yana ban ruwa safe da yamma bai san wani tsari ba. Bokiti guda kowane gindi, sau biyu a rana.

Kwana arba'in aikin ya ci. Ya bi damin karan dawa ɗaya bayan ɗaya yana zaɓen miƙaƙƙu, ya kankare su da wuƙa har suka yi santsi. Ya jiƙa igiyar rama don ta kama in ta bushe. Ya giciya karan a karkace, wannan ya hau wancan, ramukan suka fito kamar idon raga, kowanne daidai shigar dunƙulen hannu. Duk inda kara biyu suka haɗu akwai ƙulli, kuma duk ƙullin da ya karkace sai ya kwance ya sake. A sama ya lanƙwasa ɗanyun sandunan dogonyaro suka yi baka, kamar ƙofar soro. Bara'atu ta ce ko ɗakin aurensu bai samu wannan kulawa ba.

Kafin zafi ya kankama, soso ya kai sama, shuɗin furen ya biyo shi. Mutane suka fara zuwa sayen latas da bai kai kuɗin takalmin da suka tako ba. 'Yan mata suka riƙa tsayawa a bakin bakan ana ɗaukarsu hoto a waya. Bara'atu, ba tare da ta janye ko kalma ɗaya daga abin da ta faɗa ba, ta mayar da tabarmarta da faifanta ƙarƙashin rumfar. Shi kuma in ya gama ban ruwan yamma yakan zauna a kan turmi, ya miƙe ƙafafu, ya ɗaga kai yana kallon rana tana ratsowa ɗigo-ɗigo.

Wata safiya yana gyara hannun soso a jikin dirkar gabas, sai ya ga wani ɗan toho mai sheƙi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ba na soso ba ne. Ya tsaya da bokiti a hannu har ruwan ya daina motsi. Ya waiga, ba kowa. Ya sa farce ya tsinke shi, farin ruwa mai danƙo ya tsattsafo.

Washegari uku ne. Bayan kwana biyu duk dirkokin huɗu sun farka. Ya rungumi ɗaya ya girgiza, ya ji ta riƙe ƙasa. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da sassafe yakan zagaya yana tsinkewa, ya tura tohon cikin taki da ɗan yatsa, ya wanke hannu. Sai dai mutum yana tsinke abin da idonsa ya kai ne, kuma Nata'ala ba dogo ba ne.

Kamaruddeen, babban ɗan Alhaji Dallatu, yana da shagon kayan babur a Tsanyawa. Ya daɗe yana faɗa a wuraren shan shayi cewa filin nan yana kusa da hanya, kuma shaguna shida za su zauna a cikinsa ba tare da sun matsu ba. Ranar Laraba ya zo ganin rumfar da ake ta magana. Ya gaida Nata'ala har da rusunawa, ya yaba aiki, ya ja da baya don ya ɗauki hoton ta gaba ɗaya. Sai ya sauke wayar a hankali.

"Baba Nata'ala, wancan na sama, shi ma soso ne?"

A kan dirkar arewa, sama da bakan, wani reshe ya fito tsawon kamu ɗaya, ganyensa bakwai, suna ƙyalli a rana.

"Dirka ce ta yi toho. Yanzu zan cire."

"A'a, kada ka wahalar da kanka, Baba. Gwiwa." Ya miƙa hannu ya karyo reshen, ya dubi farin ruwan da ya ɓata masa yatsu. "Ikon Allah. Ashe ceɗiya ce. Har huɗu. Ai ko Alhaji da yake mai filin, bai taɓa dasa huɗu rana ɗaya ba."

Ya soke reshen a madubin babur ɗinsa ya tafi, ganyen yana kaɗawa duk tsawon hanya don kowa ya gani.

Washegari da hantsi aka zauna a zauren mai unguwa Nababa. Reshen yana ajiye a tsakiyar tabarma, ya fara yaushi. Alhaji Dallatu ya jingina da bango, sandarsa a kan cinya, idonsa a kan reshen.

"Ranka ya daɗe, ni ba rigima na zo yi ba," in ji Kamaruddeen. "An ce ban da itace. Ga itace. Shekara goma nan gaba waɗannan sun zama inuwar unguwa, ana cewa ceɗiyoyin Nata'ala. Mun taɓa gani a gidanmu."

"Malam Nata'ala, me ka ce?"

"Dirka na kafa, mai unguwa. Sai da na shanya su mako uku. Wallahi a mace na sa su."

"Ka ba su ruwa?"

"Soso na ba."

"Su kuma suka ce ba sa sha," in ji Kamaruddeen.

Wani a bakin ƙofa ya yi dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskar Alhaji. Mai unguwa ya juya wajen dattijon.

"Nata'ala, na san mahaifinka," in ji Alhaji Dallatu. "Ban ce ka yi da gangan ba. Wanda ya dasa mangwaro a gonarmu ma ba da gangan ya yi ba, mutumin kirki ne, ni na yi masa wanka da ya rasu. Jikokinsa ne ban sani ba, kuma naka ma ban san su ba." Ya dafa sanda. "Ban da gobe, Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, zan zo da kaina. In na tarar da ganyen ceɗiya ko ɗaya mai rai a filina, ka kwashe albasarka, mun rabu lafiya. In babu, babu."

Kwana takwas ke nan. A gida Bara'atu ta gama lissafin tun kafin ya cire takalmi.

"Ka tumɓuke su yau. Ka rushe abin nan, ka ba ni karan in hura wuta."

"In na tumɓuke dirka, komai ya zube. Sosan ya naɗe su, ƙullin duk a jikinsu yake."

"To ya zube mana! Malam, ado za mu ci? In aka karɓe filin nan ina za ka kai mu, gonar atishawa?"

"Zan kashe su a tsaye."

"Kai? Kai da ko tsinken sakace ka yar sai na bi na duba?"

"Wanda ya san yadda abu ke rayuwa ya san inda ransa yake."

"Ka faɗa wa Kamaruddeen haka ranar Juma'a. Zai ji daɗi."

Ta naɗe tabarmarta ta mayar cikin gida. Ta san gaskiya ce ta faɗa, shi ma ya sani. Gatari yana nan a jingine, aikin rabin sa'a ne. Ya wuce shi ya ɗauki wuƙa.

Ya durƙusa a gindin dirkar farko, ya janye hannayen soso a hankali, ya zagaye ɓawon da wuƙa dab da ƙasa, ya ɓare faɗin tafin hannu har farin itace ya bayyana. Ruwan ya yi ta zuba yana bin yatsunsa. Ya tone ƙasa, ya datse duk saiwar da ya iya kaiwa ba tare da ya taɓa ta soso ba. Ya kawo garwashi a kasko ya ƙona wurin da ya ɓare, yana kare kara da murfin tukunya, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya gama gardamar gida da ta waje gaba ɗaya. Haka ya yi wa huɗun. Sannan ya daina ba su ruwa.

A nan ne wahalar take. Bazara ce, rana tana dukan ƙasa tun hantsi. Saiwar soso da ta ceɗiya a rami ɗaya suke kwana. In ya hana ruwa, soso ya mutu, rumfar ta zama kara tsirara. In ya ba da ruwa, ya san wanda zai fara sha. Sai ya koma amfani da buta, yana ɗiga ruwa taku ɗaya nesa da dirka, kamar mai ba majinyaci magani. Ranar Lahadi shuɗin furen ya zube. Ranar Litinin ganyen soso na ƙasa ya yi rawaya. Ceɗiya kuwa, da ta ji wuya, sai ta fito da duk abin da ta ɓoye a jikinta. Ranar Talata ya tsinke toho goma sha huɗu. Ya aro tsani, yana hawa da gwiwoyin nan nasa, yana bin kowace dirka da yatsa daga sama har ƙasa. Laraba biyar. Alhamis biyu.

Kullum da la'asar Kamaruddeen yakan wuce a babur, ya rage gudu daidai lambun, ya ɗaga hannu.

"Sannu da aiki, Baba! Yaya masu jiki?"

Ranar Juma'a da safe Nata'ala ya duba sau uku, bai ga komai ba. Bara'atu ta fito, ta bi dirkokin ita ma, ta koma. A masallaci bai san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Suka zo su uku, Alhaji da ɗansa da mai unguwa, da wasu mutum shida da ba a gayyata ba. Kamaruddeen ya hau tsani da fararen kayansa. Ya leƙa saman kowace dirka, ya ɗaga ganye, ya tura hannu cikin ramukan. Sau biyu yana tsinko ganye ya miƙo wa mai unguwa.

"Soso ne," in ji Nababa. Na biyun ma ya murza ya shinshina. "Wannan ma soso ne. Kamaruddeen, ka taɓa wanka kuwa?"

Aka yi dariya. Nata'ala bai yi ba, domin idonsa yana kan Alhaji Dallatu. Dattijon bai kalli sama ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake bi, yana ture busasshen ganye da bakin sanda, kamar yadda yake duba kofaton saniya kafin ya saya. Dirka ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku. A ta huɗu, wadda ke jikin bango, ya tsaya. Ya dafa dirkar ya sunkuya da ƙyar.

Daga inda yake tsaye Nata'ala ya hango abin da Alhaji ya gani. Ƙasa da wurin ƙunar, ta ɓangaren bango, inda ƙasa ta ɗan zaizaye, wani toho ya leƙo, kore shar, ganye biyu a naɗe. Da safe babu shi, ko kuwa yana nan ido ne bai kai ba. Nata'ala ya ji motsin Bara'atu a bayan ƙofa.

Alhaji Dallatu ya daɗe a sunkuye. Ya ɗaga kai ya dubi ɗansa a kan tsani, wanda a lokacin ya daina duba ganye, yana auna faɗin filin da ido daga rijiya zuwa hanya, leɓensa yana motsi. Dattijon ya mayar da kansa ƙasa. Ya sa babban yatsa ya tsinke tohon, ya tura shi cikin aljihun rigarsa, ya goge yatsan a jikin sanda.

"Alhaji, akwai wani abu ne a nan?" in ji Kamaruddeen.

"Takalmina ne ya cire." Ya miƙe a hankali. "Mai unguwa, ban tarar da ganye a filina ba. Sauko, kai kuma, kafin ka karya wa mutane tsani."

Nata'ala ya buɗe baki zai yi godiya, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. A da aro ne babu wa'adi. Daga yau na shekara ɗaya ne. Duk bayan kaka za mu zauna a gaban mai unguwa, ka sake roƙo, in sake dubawa. Kuma ranar da na mutu, aro ya mutu. A rubuta."

Aka rubuta. Kamaruddeen ya karanta takardar sau biyu, ya tsaya a layin ƙarshe, ya ninke ta da kyau ya ce Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana. Kowa ya ce amin, Nata'ala ya fi kowa ɗaga murya.

Da suka watse ya jawo guga biyu ya kwarara wa soso, ba tare da ya auna nisa ba. Sannan ya durƙusa a gindin dirkar bango da wuƙarsa, ya fara tonon ƙasa. Bara'atu ta leƙo ta ce abinci yana hucewa. Ya ce ta rufe, akwai saiwa ɗaya da bai samu ba tukuna.